Imamu Gazali, Malamin da Ya Bar Kujerar Bagadaza

  

 Waɗanda suka shirya wannan taro na tunawa da ranar buɗe masallacin nan sun nemi a kawo tarihin ɗaya daga cikin manyan malaman da suka gabata, domin masallaci da ilmi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda na zaɓa shi ne Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda aka sani da Imamu Gazali, mai laƙabin Hujjatul Islam, Allah ya jiƙansa. Malamai da yawa sun yi wallafa, da yawa kuma sun yi suna. Abin da ya bambanta wannan bawan Allah shi ne ya kai matuƙar girman da malami ke iya kaiwa a zamaninsa, sa'an nan ya dubi zuciyarsa, ya tarar ba don Allah ya ke aikin ba, ya ajiye ya tafi. Bayan shekara goma sha ɗaya ya komo kan aikin nan da wata niyya dabam. To, yadda wannan al'amari ya faru shi na ke so mu bi daki-daki.

ASALINSA DA NEMAN ILMINSA

An haife shi a shekara ta 450 bayan Hijira, watau 1058 ta Miladiyya, a Ɗus, wani gari na lardin Hurasan, cikin ƙasar Farisa wadda a ke kira Iran yanzu, kusa da birnin Mashhad. Masu tarihi sun ce mahaifinsa talaka ne, sana'arsa kaɗin ulu, amma mutum ne mai son zama wurin malamai da yi musu hidima. Da ya ga ajali ya matso, sai ya damƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, ga wani amininsa sufi, tare da ɗan abin da ya tara, ya roƙe shi ya sa su karatu. Amini ya riƙe amana har ɗan kuɗin ya ƙare. Shi kuwa ba mai hali ba ne, sabo da haka ya shawarce su su shiga makaranta irin wadda a ke ciyar da ɗalibai a cikinta. Ashe yunwa ce ta fara kai Hujjatul Islam zauren karatu. Ku riƙe wannan, domin maganar dalilin da ya sa mutum ke neman ilmi ita ce za ta bi shi har ƙarshen ransa.

Ya fara fiƙihu a garinsu wurin Malam Ahmadu Razakani, sa'an nan ya tafi Jurjan neman ƙari. An ruwaito cewa a kan hanyarsa ta komowa 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kome da kome, har da gafakar da ya ke ajiye takardun da ya rubuta a gaban malaminsa. Ya bi su yana roƙo a mayar masa da gafakar kaɗai, domin ilmin da ya bar gida sabo da shi yana ciki. Babban ɓarayin ya yi masa dariya, ya tambaye shi wane irin ilmi ne wannan da za a ƙwace jaka ɗaya a bar mai shi wayam. Aka jefo masa gafakarsa. Maganar ta shige shi, ya ɗauke ta gargaɗi ne daga Allah ta bakin ɓarawo. Da ya isa gida ya shekara uku yana haddace abin da ke cikin takardun nan, don kada wani ya sake tsiraita shi.

Daga nan ya nufi Naisabur, babban birnin Hurasan, ya zauna gaban Imamul Haramaini Juwaini, mai littafin Waraƙat wanda ɗaliban usulu suka sani. A wurinsa ya ƙware a fiƙihun mazhabar Shafi'i, da usulu, da ilmin kalam, watau kare aƙida da hujjojin hankali, da manɗiƙi, da hanyoyin muƙabala. Yana tare da shi har Juwaini ya rasu a shekara ta 478 (1085). Gazali a sa'an nan yana da shekara 28.

KUJERAR NIZAMIYYA

A wannan zamani Halifan Abbasiyawa yana zaune a Bagadaza, amma takobi yana hannun Turkawan Saljuƙ, ragamar mulkinsu kuwa tana hannun wazirinsu Nizamul Mulk, wanda shi ma mutumin Ɗus ne. Wannan waziri ya gina makarantu a manyan birane, a ke kiransu Nizamiyya da sunansa. Ya tsayar musu da waƙafi, ana biyan malamai albashi, ana ba ɗalibai masauki da abinci, ga kuma ɗakin littattafai. Babbarsu ita ce ta Bagadaza, wadda aka buɗe a shekara ta 459 (1067). Matsayinta a wancan lokaci shi ne matsayin babbar jami'a a yau.

Bayan rasuwar malaminsa Gazali ya tafi sansanin waziri, inda malamai kan taru su yi muƙabala a gaban manya. Duk wanda ya kara da shi sai ya kayar da shi. Waziri ya ga abin da ya gani, a shekara ta 484 (1091) ya naɗa shi malamin Nizamiyyar Bagadaza, yana da shekara 34 kacal. Shi da kansa ya faɗi cewa ɗalibai 300 ke zama gabansa. Fatawarsa ta kai ko'ina, fadar Halifa tana jin maganarsa, fadar Sarkin Saljuƙ tana jin maganarsa. Marayan da ya shiga makaranta don abinci ya zama malamin da babu na biyunsa a Iraƙi.

Amma fa zamanin ba na kwanciyar rai ba ne. A shekara ta 485 (1092) aka soke Nizamul Mulk da wuƙa ya mutu, aka ɗora alhakin kisan a kan 'yan Baɗiniyya. Bayan kamar wata guda Sarki Malik Shah shi ma ya rasu, 'ya'yansa suka shiga yaƙin gadon sarauta. A shekara ta 487 (1094) Halifa Muƙtadi ya cika, Mustazhir ya hau. Duk wannan a kan idon Gazali aka yi, ya ga yadda mulki ke juyawa da masu shi. Sabon Halifa ne ya umurce shi ya rubuta raddi ga Baɗiniyya, masu cewa ba a sanin gaskiya sai ta bakin wani imami nasu wanda ba ya kuskure. Ya rubuta, ya sa wa littafin suna Mustazhiri.

KARONSA DA MASU FALSAFA

Babban aikinsa na Bagadaza shi ne wanda ya yi a kan falsafa. Tun zamanin Halifa Ma'amun an juya littattafan Yunanawa, irin su Aflaɗun da Arisɗo, zuwa Larabci. Daga cikin Musulmi aka sami waɗanda suka nutsa a cikinsu, manyansu su ne Farabi wanda ya rasu a 950, da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037. Samari masu kaifin ƙwaƙwalwa suka ruɗu da su, har waɗansu suka fara raina salla da azumi, suna ganin wannan aikin jahilai ne. Malaman da suka yi musu raddi kafin Gazali kuwa ba su fahimci maganarsu sosai ba, sabo da haka raddin ya zama abin dariya wurin masu abin.

Gazali ya ga cewa wanda bai kai ƙarshen wani fanni ba, ba shi da ikon nuna ɓarnar da ke cikinsa. Sai ya zauna ya karanta littattafansu shi kaɗai, ba malami, a ɗan lokacin da ya ke samu bayan darasi. Cikin ƙasa da shekara biyu ya gama, ya ƙara wajen shekara guda yana juya abin a ransa. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya bayyana ra'ayinsu tsaf yadda su da kansu za su yarda da bayanin. Ya kuma rubuta Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a farkon shekara ta 488 (1095), ya ɗauki mas'ala 20 ya warware su da irin makaminsu, watau hujjar hankali. A cikin 17 ya ce sun yi bidi'a. A cikin uku ya ce sun fita daga addini: cewarsu duniya ba ta da farko, da cewarsu sanin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musunsu ga tashin jikkuna ranar alƙiyama.

A cikin littafin nan ne ya kawo misalin wuta da auduga. Abin da ido ke gani shi ne auduga tana ƙonewa sa'ad da wuta ta taɓa ta. Ido bai ga cewa wutar ce da ikon kanta ta yi ƙunar ba. Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin haɗuwarsu, bisa al'adar da ya gudanar, in ya so kuwa ya tsayar da ita, kamar yadda ya yi wa Annabi Ibrahimu. Wanda ya karanta littattafan tauhidi na Shehu Sanusi zai gane wannan magana, domin ita ce a ke koya mana tun muna yara.

Sai dai kada wani ya zaci ya haramta dukan abin da ke hannun masu falsafa. Ya rarrabe. Lissafi, da ilmin awo, da manɗiƙi, ya ce babu ruwansu da musun addini, kuma hujjojinsu tabbatattu ne. Ya yi kashedi mai tsanani ga masoyin addini jahili, wanda zai tashi ya ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci. Wanda ya san lissafin nan da hujja, in aka ce masa addini ya musa, ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Iyaye, wannan magana tamu ce. 'Ya'yanmu suna zuwa makarantun boko suna koyon lissafi da ilmin jikin mutum da na taurari. In muka ce musu duk ƙarya ce, alhali suna ganin gaskiyarta da idonsu, mu ne muka tsaga bangon da ƙadangare zai shiga. Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, har ya yi kukan cewa gari guda za ka tarar babu likita Musulmi ko ɗaya, ga mutane sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani, domin ta nan a ke samun alƙalanci da riƙon waƙafi.

CIWON DA LIKITOCI SUKA KASA

To, ga mutum ya kayar da malaman muƙabala, ya kayar da Baɗiniyya, ya kayar da masu falsafa. Saura wa? Saura shi kansa. Labarin wannan yana cikin ɗan littafinsa Munƙizu minad Dalal, inda ya ba da tarihin zuciyarsa. Ya kasa masu neman gaskiya kashi huɗu: malaman kalam, da Baɗiniyya, da masu falsafa, da sufaye. Uku na farko ya ƙure su da karatu. Da ya zo kan na huɗu, ya karanta littattafan Muhasibi da Abu Ɗalib Makki da maganganun Junaidu, sai ya gane cewa abin da ke wurinsu ba ya samuwa da karatu kaɗai. Sanin ma'anar ƙoshi dabam, ƙoshi dabam. Likita yana iya sanin dukan sharuɗɗan lafiya alhali shi kansa yana kwance.

Sa'an nan ya juya ya dubi aikinsa. Mafi kyawun abin da ya ke yi shi ne karantarwa. Da ya binciki niyyarsa a ciki, sai ya tarar abin da ke motsa shi son girma ne da yaɗuwar suna. Ya ga kansa a bakin rami. Yau ya ƙudura zai bar Bagadaza, gobe zuciya ta ce masa wannan wani ɗan yanayi ne mai wucewa, in ka saki wannan daraja ba za ka sake samunta ba. Haka ya yi ta kai da kawo wajen wata shida, tun daga Rajab na shekara ta 488. A ƙarshe al'amarin ya fita daga hannunsa, harshensa ya ɗaure. Ya kan fito don ya faranta wa ɗalibansa rai da darasi ɗaya, kalma ta ƙi fita. Abinci ya daina narkewa a cikinsa, ƙarfinsa ya tafi. Likitoci suka duba, suka ce wannan abu daga zuciya ya taso, magani ba shi da hanya sai damuwar ta gushe.

Da dabara ta ƙare ya koma ga Allah komawar wanda ba shi da kowa, Allah kuwa ya sauƙaƙa masa rabuwa da girma da dukiya. Ya bayyana wa mutane cewa Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada Halifa ya tsare shi. Ya rarraba dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi iyalinsa. A watan Zulƙida na 488, watau Nuwamba 1095, ya fita, ƙanensa Ahmadu ya riƙe masa darasi. Mutanen gari suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ya kore shi. Na kusa, da su ke ganin yadda masu mulki ke manne masa, suka ce kambun baka ne ya sami Musulunci. Kaɗan ne suka yarda cewa mutum zai bar kujera irin wannan sabo da tsoron Allah, domin a ganinsu kujerar ita ce ƙololuwar addini.

SHEKARUN KAƊAITA

Ya zauna a ƙasar Sham kusan shekara biyu. A Dimashƙa ya kan hau hasumiyar babban masallacin Banu Umayya ya rufe ƙofa ya yini yana zikiri. Ya tafi Baitil Muƙaddas, ya riƙa shiga Ƙubbar Dutse yana kaɗaita, a can kuma ya rubuta wa mutanen garin ɗan littafin aƙida mai suna Risalatul Ƙudsiyya. Wannan kuwa shekaru kaɗan ne kafin mayaƙan Turai masu ɗauke da gicciye su ci birnin a 1099. Ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahimu a garin Halil, a nan ya ɗauki alkawari uku, kamar yadda ya faɗa a cikin wasiƙunsa: ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba, ba zai ƙara zuwa ƙofar sarki ba, ba zai ƙara shiga muƙabala ba. Ku duba, abubuwa ukun nan su ne matakalar da ya taka ya hau. Ya yi aikin hajji a shekara ta 489 (1096), ya ziyarci Madina. Kewar 'ya'yansa ta ja shi gida, ya biyo ta Bagadaza a 490, amma bai koma kujerarsa ba, ya sauka a masaukin sufaye. A nan wani saurayi Ba'andaluse ya yi karatu wurinsa, shi ne Abubakar Ibnul Arabi, wanda daga baya ya zama babban alƙalin Malikiyya, mai Ahkamul Ƙur'an. Daga nan Gazali ya wuce Ɗus.

A cikin waɗannan shekaru ya wallafa Ihya'u Ulumid Din, watau rayar da ilmomin addini. Ya kasa shi rubu'i huɗu, kowane rubu'i littafi goma, jimla 40. Na farko ibada. Na biyu al'amuran yau da kullum, kamar ci da sha, da aure, da neman halali, da zama da mutane, da tafiya. Na uku halaye masu hallakarwa, kamar sakin harshe, da fushi, da hassada, da rowa, da riya, da girman kai. Na huɗu halaye masu tsirarwa, kamar tuba, da haƙuri, da godiya, da tawakkali, da ihlasi. Ya buɗe da littafin ilmi, ya rufe da littafin tuna mutuwa. Fiƙihu yana gaya maka abin da ke inganta salla a zahiri. Ihya'u yana tambayarka ina zuciyarka ta ke sa'ad da ka ke sallar.

Wanda ya karanta littafin ilmi zai ga mai ciwo ne ke bayanin ciwon da ya sha. Ya rarrabe malaman duniya da malaman lahira. Ya lissafa cututtukan da muƙabala ke haifarwa: hassada, da ƙullatar juna, da giba, da bin diddigin aibin abokin karawa, da jin daɗin kuskurensa, da ƙin gaskiya in ta fito daga bakinsa. Ya kawo ladubba goma na ɗalibi, takwas na malami. Daga cikin na malami akwai ya ɗauki ɗalibai kamar 'ya'yansa, kada ya kushe fannin wani malami a gabansu, ya yi wa kowa magana gwargwadon hankalinsa, kada kuma aikinsa ya ƙaryata maganarsa.

KOMAWARSA DA ƘARSHENSA

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce darasinsa shi ne a gudu a bar mutane. Amma bai tsaya ba. A shekara ta 499 (1106) waziri Fahrul Mulk, ɗan Nizamul Mulk, ya matsa masa ya fito ya karantar a Nizamiyyar Naisabur. Gazali ya dubi yadda imani ya yi rauni a zukatan jama'a, ya shawarci mutanen kirki, suka ce ya fita. A watan Zulƙida ya koma, shekara goma sha ɗaya cif bayan barinsa Bagadaza. Ya bayyana cewa wannan ba komawa ce ga abin da ya bari ba. Da can yana yaɗa ilmin da a ke samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira zuwa ga ilmin da a ke barin son girma da shi. Zauren karatu iri ɗaya ne, littattafai su ne dai na da. Niyya ce ta sāke.

Bayan 'yan shekaru ya koma Ɗus, ya riƙe makaranta ta ɗalibai da zawiya ta sufaye kusa da gidansa. A shekara ta 503 (1109) ya kammala Mustasfa a ilmin usulu, inda ya bayyana cewa shari'a ta zo ne don kiyaye abu biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. A 504 aka aiko daga Bagadaza ana roƙonsa ya komo kujerarsa ta da. Ya ba da hanzari, ya ambaci alkawarin da ya ɗauka a Halil. A ƙarshen ransa ya duƙufa kan hadisi, yana bin Buhari da Muslim. Ya rasu ran 14 ga Jimada Lahir, shekara ta 505, watau Disamba 1111, yana da shekara 55 a lissafin wata. A Ɗus aka binne shi.

ABIN DA AKA CE A KANSA

Gaskiya ta wajaba a faɗa, ba kowa ya yarda da shi ba. Tun yana da rai, a shekara ta 503, aka ƙone Ihya'u a Ƙurɗuba ta Andalus da umurnin Sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin. Malaman Malikiyya irin su Ɗurɗushi da Mazari sun yi masa suka, haka Ibnul Jauzi daga Hambaliyya. Babban abin da aka riƙe a kansa shi ne raunanan hadisai da marasa asali da suka shiga littafin. Allah ya kawo Hafiz Iraƙi, wanda ya rasu a 806 (1404), ya bi hadisan ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayin kowanne. Mai karatun Ihya'u sai ya riƙa duba wannan aiki tare da shi. Ta wajen falsafa kuma Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani da Tahafutut Tahafut. A birnin Ɗulaiɗila aka juya Maƙasid zuwa Latin, malaman jami'o'in Turai suka san shi da suna Algazel, har Thomas Aquinas, malamin tauhidin Nasara a jami'ar Paris, yana ambatonsa. Abin mamaki, da yawansu sun zaci shi almajirin Ibn Sina ne, sabo da bayanin ya isa gare su, raddin bai isa ba tukuna. Wannan kaɗai ya isa shaida ga adalcinsa wajen kawo maganar abokin hamayya.

Mu ma nan muna cin albarkacinsa ta inda ba mu zata ba. Shi Bashafi'e ne, amma Ibn Shas, malamin Malikiyya na Masar, a kan tsarin littafinsa Wajiz ya shirya nasa littafin fiƙihu. Ibnul Hajib ya ɗebo daga Ibn Shas, Shehu Halil kuma ya yi wa Ibnul Hajib sharhi kafin ya rubuta Muhtasar da mu ke karantawa a zaurukanmu. Har ila yau Murtala Zabidi, wanda ya yi wa Ihya'u sharhi mai mujalladi goma a Alƙahira, ya ba Malam Jibrilu ɗan Umaru ijaza, shi kuwa Malam Jibrilu malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Wanda ya leƙa littattafan Shehu da na ƙanensa Abdullahi zai tarar suna kafa hujja da Gazali a wurare da yawa.

NAMU RABON

Jama'a, masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gazali ya ƙware wajen hango na waɗansu, har duniya ta yi masa shaida. Amma bai zama Gazalin da a ke yi wa addu'a yau ba sai ran da ya sunkuya ya dubi wanda ya ke takawa. Da ya mutu a shekara ta 487, da an rubuta shi cikin gwanayen muƙabala, an wuce.

Mu baƙi ne a wannan ƙasa, ko 'ya'yan baƙi. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba, ba littattafanmu su ke karantawa ba, halinmu su ke karantawa. Masallatai nawa ne suka rabu biyu a zangunan nan sabo da wa zai yi limanci, wa zai yi tafsiri, wa zai zauna kusa da babban baƙo? Kowane ɓangare kuwa da ayarsa da hadisinsa. Ba ƙarancin ilmi ne ke raba su ba. Ciwon nan ne da ya ɗaure harshen Gazali, sai dai mu namu harshen bai ɗaure ba. Malami ya tambayi kansa: in ɗalibaina suka koma wurin wani suka ƙaru fiye da yadda su ke ƙaruwa a wurina, zan yi murna ko zan yi baƙin ciki? Mai hali ya tambayi kansa: in ba za a ambaci sunana a taro ba, zan ba da abin da na bayar? Ɗalibi ya tambayi kansa: karatun nan don in gyara sallata na ke yi, ko don in ƙure wane? Amsar tana wurin mai ita, da wanda ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa.

Ba a ce kowa ya bar aikinsa ya hau hasumiya ba. Shi kansa Gazali ya sauko ya koma gaban ɗalibai. Liman ya tsaya a limancinsa, mai karantarwa a zaurensa, ɗan kasuwa a rumfarsa, ɗan makaranta a ajinsa, kowa ya riƙa sabunta niyyarsa kamar yadda ya ke sabunta alwala.

Allah ya jiƙan Imamu Gazali, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka kafa wannan masallaci. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga riya da son girma, ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya shiryi zuriyarmu, ya zaunar da ƙasar da mu ke ciki lafiya, ya sa mu cika da imani. Amin.